Filin Noma: Shirin Lambu A Kan Damin Karan Shinkafa

Mutane da yawa a biranen ƙasar nan suna da sha'awar lambu, amma ba su da ƙasar da za su yi shi. Wani yana haya ne a gidan da aka malale tsakar gidansa da siminti, wani kuwa filin bayan ɗakinsa duk ɓaraguzan gini ne da tsakuwa, ko fartanya ba ta kama shi. Akwai kuma wanda yake da ƙasar, amma ta gaji, ko kuwa ciwo ya zauna a cikinta, duk tumatirin da aka dasa sai ya yi yaushi ya mutu tun bai yi fure ba. Irin waɗannan mutane su ne suka fi kowa bukatar sanin wata dabara wadda ake shuka kayan miya a kan matsattsen damin karan alkama ko na shinkafa, ba tare da saiwa ta taɓa ƙasa ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1960 masu noman kokwamba a cikin ɗakunan gilashi na ƙasar Ingila suke dasa shi a kan irin wannan dami, domin su tsere wa cututtukan da suka taru a ƙasar ɗakunan. Amma wanda ya fito da ita fili har ta shiga gidajen mutane shi ne wani Ba'amurke mai suna Joel Karsten, mutumin Jihar Minnesota, wanda ya tashi a gona kuma ya yi karatun aikin lambu a jami'ar jiharsu. Da ya sayi gida sai ya tarar ƙasar wurin ba ta shukuwa. Sai ya tuna yadda yakan ga ciyayi sun tsiro sun yi ƙosasshe a kan tsofaffin dammunan da suka jiƙe a gonar mahaifinsa, ya ce bari ya gwada da kayan lambu. Ya yi shekaru yana gwaji, sa'an nan a 2013 ya fitar da littafi a kan abin, wanda ya bazu ƙwarai a Amurka da wasu ƙasashe.

A ƙasar Masar ma an bi wannan hanya, amma don wani dalili dabam. Tun daga 1999 wani baƙin hayaƙi ya riƙa lulluɓe birnin Alkahira a kowace kaka, kuma ɗaya daga cikin manyan sanadinsa shi ne ƙona karan shinkafa da manoman bakin Kogin Nilu suke yi bayan girbi. Cikin neman abin da za a yi da karan maimakon wuta, masu binciken aikin gona na ƙasar suka gwada noman kokwamba da tattasai da tumatir a kan matsattsun dammunansa, ya kuwa yiwu. Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin duk wanda ya bi ta fadamun Kebbi, ko Kura da Kadawa a Jihar Kano, ko kwarin Haɗeja bayan an yanke shinkafa, ya san tulin karan da ake bari, wani dabbobi su ci, wani a cinna masa wuta.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN DAMIN

Kafin mutum ya sayi ko da dami ɗaya, ya kamata ya gane abin da yake shirin yi. Busasshen kara ba abincin shuka ba ne. In aka dasa tumatir a cikinsa haka nan aka yi ta ba shi ruwa, sai ganyensa ya yi rawaya ya tsumbure. Dalili kuwa shi ne, akwai wasu ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, su ne suke ruɓar da kara, kuma ba sa iya aikin sai da sinadarin naitirojin, watau abin nan da ke cikin takin yuriya. Kara yana da sinadarin kabon mai yawa, naitirojin ɗinsa kuwa kaɗan ne ainun. A karan alkama, kabon yakan ninka naitirojin wajen sau 80, alhali ƙwayoyin nan sun fi son wajen sau 25 zuwa 30. Saboda haka duk ɗan takin da aka zuba sai su riga shuka cinyewa, su bar ta da yunwa.

Maganin abin shi ne a ciyar da ƙwayoyin tukuna har su ƙoshi, su ruɓar da cikin damin ya soma zama taki, sa'an nan a kawo dashe. Yayin da suke wannan aiki cikin damin yakan ɗauki zafi, wani lokaci har ya wuce digiri 50 a ma'aunin Selshiyas. A Minnesota, inda sanyi yake daɗewa bai tafi ba, wannan ɗumi riba ce, domin yana sa a riga maƙwabta dashe. A ƙasar da rana take da ƙarfi kamar Nijeriya kuwa, abin tsoro ne, domin zai iya dafa saiwar dashe cikin yini ɗaya. Duk shirin lambun dami a kan abu biyu yake tafiya: ruɓar tana cin kwanaki waɗanda ba a iya rage su, kuma damin da ya sha ruwa ba ya ɗaukuwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

ZAƁEN KARA

Abu na farko shi ne a rarrabe tsakanin kara da ingirici. Ingirici ciyawa ce da aka yanka da 'ya'yanta aka busar don dabbobi, in aka jiƙa ta sai damin ya zama gonar ciyawa. Abin da ake nema shi ne karan da aka riga aka sussuke hatsinsa, na alkama ko na shinkafa, siriri mai rami a ciki, domin ramin nan shi ke riƙe ruwa da iska. Karan dawa da na gero da na masara sun yi kauri, ba sa matsuwa, ba sa kuma ruɓa da wuri. Harawa kuwa tana saurin narkewa, ga shi kuma tsadarta a wajen masu kiwo ta fi ƙarfin a jiƙa ta. Karan shinkafa ya fi na alkama jinkirin ruɓa saboda wani sinadari mai kama da yashi da ke jikinsa, don haka wanda ya yi aiki da shi sai ya ƙara 'yan kwanaki a lissafinsa.

Damin da injin ɗaure kara yake fitarwa a ƙasashen Turai da Amurka yana da tsawon wajen santimita 90, faɗi 45, kauri 35, nauyinsa kuma a bushe wajen kilo 18 ne zuwa 20. Irin wannan inji bai yawaita a nan ba, amma kafinta zai iya haɗa akwatin katako mai wannan awo. Sai a shimfiɗa igiya biyu a cikinsa, a riƙa zuba kara ana tattake shi da ƙafa har ya ƙi shiga, sa'an nan a ɗaure tamau a fitar. Igiyar roba ta fi, domin ta rama ko ta kaba takan ruɓe tare da karan, damin ya watse da shuka a kansa. Damin da bai matsu ba yakan zube tun lambun bai yi nisa ba, saboda haka gara a ɓata ƙarfi a wajen tattakawa.

Akwai wani haɗari da ba a gani da ido. Wasu magungunan kashe ciyawa da ake fesawa a gonakin hatsi suna zama a jikin kara har bayan girbi, kuma tumatir da wake ba sa jure ko da ɗan kaɗan daga cikinsu. A 2008 masu lambu da yawa a Ingila sun yi hasarar amfaninsu saboda takin dabbobin da suka ci ciyawar da aka fesa wa irin wannan magani. Mai lambu sai ya tambayi manomin da ya sayar masa abin da ya fesa. In bai sami gamsasshiyar amsa ba, akwai gwaji mai sauƙi. Ya jiƙa ɗan karan a bokiti ya kwana, ya shuka wake a tukwane biyu, ɗaya ya riƙa ba ta ruwan karan, ɗaya kuma ruwan rijiya. Bayan mako biyu ko uku, in ganyen ta farko ya nannaɗe ya murɗe, to, wannan kara ba na lambu ba ne.

ZAƁEN WURI

Dami in ya sha ruwa nauyinsa yakan ninka fiye da sau biyu, in kuma ya soma ruɓa, ko an taru an ɗaga shi sai ya karye. Inda aka ajiye shi ranar farko, nan zai zauna har girbi. Don haka kafin a kawo shi, mai lambu ya ɗauki yini ɗaya yana lura da tsakar gidansa, ya ga inda rana take sauka da lokacin da take barinsa. Tumatir da tattasai suna bukatar rana ta awa 6 zuwa 8. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu rana takan karkata kudu, saboda haka wurin da yake gindin katangar kudu zai iya zama cikin inuwa a lokacin, ko da yake da damina rana tana dukansa. Wanda ya duba wurin a watan Yuli ya yanke shawara, yana iya shan mamaki a watan Disamba.

Sai kuma a duba inda ruwan da ya tsiyaye zai bi. Ruwan dami baƙi-baƙi ne, yana ɓata siminti, kuma in ya kwanta zai tara sauro, ya jawo rigima da maƙwabta ko da mai gidan haya. Kada a jingina dami da katangar ƙasa ko da ginshiƙin katako, domin laima da gara. Gara ita ce babbar abokiyar gabar wannan lambu a ƙasashen zafi, littattafan Amurka kuwa ba su cika damuwa da ita ba. In a kan ƙasa za a jera, sai a shimfiɗa leda mai kauri wadda aka ɗan karkata don ruwa ya gangara, ko a ɗora dammunan a kan bulo. Wanda yake so ya yi a kan rufin bene, lalle ya fara tabbatar da cewa ginin zai ɗauki nauyin jiƙaƙƙun dammuna. Busasshen karan da ke jiran aiki kuma a nisanta shi daga murhu. Gidan da ke da awaki ko kaji, shinge shi ne abin farko da za a kafa, tun kafin kara ya shigo.

Ana jera dammunan ne kai da kai, layin ya miƙe daga arewa zuwa kudu, domin kowane gefe ya sami rana, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. A kwantar da kowanne ta yadda igiyoyin za su kewaye shi ta gefe, bakin karan da aka yanke ya dubi sama, don ruwa da taki su riƙa bin ramukan suna shiga ciki. Tsakanin layi da layi a bar hanya ta wajen mita ɗaya. Da wannan awo, fili mai tsawon mita 5 da faɗin mita 3 zai ɗauki dami 10, biyar a kowane layi. A kafa turke mai ƙarfi a kowane ƙarshen layi, tsawonsa ya kai mita 2, a ja waya tsakaninsu hawa-hawa, tazarar wajen santimita 25. Turakun suna tokare dammunan, wayar kuma ita tumatir da kokwamba za su hau. Sanda da aka soka a cikin damin kawai ba ta da amfani, domin ranar da ya yi laushi tare za su faɗi.

LISSAFIN RUWA DA NA SHUKA

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Dami ba ya riƙe ruwa kamar ƙasa, iska tana bugunsa ta kowane gefe, balle a lokacin hunturu. Kowane ɗaya yana iya shan lita 5 zuwa 8 a yini in shuka ta girma. Dami 10 ke nan lita 50 zuwa 80, watau jarka biyu zuwa uku masu cin lita 25, kullum, har wajen kwana 100. Wanda yake da rijiya ko famfo a gida ba shi da damuwa. Amma wanda yake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, sai ya zauna ya buga kuɗin jarka 200 zuwa 300, ya haɗa da kuɗin kara da na mota da na taki, ya gwada da abin da iyalinsa suke kashewa a kan kayan miya cikin wata uku. In lissafin bai fita ba, sai ya fara da dami uku ko huɗu. Wanda Allah ya ba ƙasa mai kyau kuwa, gara ya noma ƙasarsa, ta fi masa arha.

Yawan abin da za a dasa ma yana da iyaka. Dami ɗaya yana ɗaukar tumatir biyu, ko uku in ƙaramin iri ne. Tattasai ko attaruhu huɗu, kabeji huɗu, kokwamba huɗu, kabewa biyu. Mai dami 10 zai iya ba tumatir huɗu, tattasai da attaruhu biyu, kokwamba ɗaya, kabeji ɗaya, sauran biyun kuma ya bar wa alayyafo da latas. Dogayen a sa su ta arewa don kada su yi wa gajerun inuwa. Masara ba ta dace ba, domin tana da tsawo da nauyi, ga cin taki, iska kaɗan sai ta kayar da ita. Kuɓewa tana yi, in an ɗaure ta a jikin waya.

ƘIDAYAR KWANAKI

Hanyar da ta fi dacewa ita ce mutum ya tsai da ranar dashe, sa'an nan ya ƙirgo baya. A arewacin ƙasar nan abin ya zo daidai, domin ana yanke shinkafar damina a watan Oktoba da Nuwamba, lokacin da kara yake da yawa da arha, kuma tumatir ya fi son sanyin hunturu. In zafin bazara ya shigo furensa yakan zube bai ƙulla ba. Irin tumatir yana yin wajen mako huɗu a wurin reno kafin ya isa dashe, gyaran dami kuma yana cin wajen mako biyu. Watau wanda yake so ya dasa a ƙarshen Nuwamba, sai ya zuba iri a farkon watan, ya fara jiƙa dammuna a tsakiyarsa. Karan alkama kuwa sai a watan Maris ko Afrilu yake samuwa, bayan girbin noman rani, saboda haka wanda ya fi son sa sai ya adana shi a busasshen wuri. Masu zama a Ikko da Badun da sauran garuruwan kudu su sani ruwan sama mai yawa yana wanke taki daga dami, yana kuma gaggauta ruɓarsa, don haka su ma rani ya fi musu.

Ga yadda gyaran yake. Kwana uku na farko ruwa kawai za a yi ta zubawa, har sai ya riƙa fita ta ƙasa. Rana ta 4 da ta 5 da ta 6 a barbaɗa wa kowane dami yuriya wajen giram 90, watau kashi uku cikin huɗu na ƙaramin gwangwanin madara, a bi da ruwa don ta narke ta shiga. Rana ta 7 da ta 8 da ta 9 a rage zuwa rabin wannan. A rana ta 10 a zuba takin NPK 15-15-15, wanda manoma suke kira kamfa, cikin gwangwani ɗaya, daga nan sai ruwa kawai. Wanda ba ya son takin zamani zai iya aiki da busasshen kashin kaji, amma zai zuba mai yawa, ya kuma jira wajen mako uku. Ɗanyen kashin dabbobi bai dace da inda za a shuka latas da sauran abin da ake ci ba dafuwa ba.

Daga rana ta 12 sai a riƙa cusa hannu cikin tsakiyar damin da safe. In ya fi jikin mutum zafi, a ƙara haƙuri, ko da dashen ya isa. Hannu shi ne alƙali a nan, kalanda ba ta da ta cewa. Alamun da ke nuna aiki ya kama su ne karan ya yi duhu, ya yi laushi, yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sau da yawa lemar kwaɗi takan fito a kai. Ba ta cutar da shuka, amma ba a cinta, a kuma hana yara taɓa ta.

Ranar dashe, da yamma, a buɗa rami da hannu ko da ɗan turke, a zuba ruɓaɓɓen taki tafi ɗaya, a sa dashen har zuwa ganyensa na farko, a matse, a ba shi ruwa. Abin da ake shukawa da iri, kamar alayyafo, sai an shimfiɗa masa ruɓaɓɓen taki mai laushi, kaurin yatsa biyu ko uku, a kan damin, in ba haka ba irin zai zurare cikin ramuka ya ɓace. Kada a ɗebo ƙasar da aka gudu daga cutarta a zuba a kai. Bayan haka, duk mako biyu a ƙara ɗan taki, domin ban ruwan kullum yana wanke shi.

Dami yana kare shuka daga tsutsar ƙasa mai sa saiwa kumburi, yana kuma rage ciyawa da wahalar sunkuyo, abin da zai yi wa tsofaffi daɗi. Amma ba ya kare ta daga ƙwari masu tashi. Tsutsar nan mai cin ganyen tumatir, wadda ta yi ɓarna a 2016 har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, ba ruwanta da ko a kan me aka dasa shi. Duba bayan ganye kowace safiya yana nan tilas.

Bayan wata uku ko huɗu dammunan za su sauka, su rage tsawo, su yi baƙi. Sai a kwance igiyoyin a ajiye don baɗi, abin da ya rage kuma taki ne mai kyau. Ana iya cika buhuna ko tukwane da shi a shuka albasa da karas, waɗanda suke son wuri mai laushi, ko a ajiye shi don renon irin shekara mai zuwa. Wanda yake da niyyar gwadawa a rani mai zuwa, aikinsa na farko shi ne ya nemi manomin shinkafa tun kafin a yanke, ya yi magana da shi a kan kara, kada ya je ya tarar da toka.